Azarar Ɗakin Hassu

Kakata, wadda muke kira Iya, ba ta fara labari sai an ci tuwo an yi sallar isha'i. In lokacin sanyi ne takan sa a kawo mata garwashi a kasko, mu jikoki mu zagaye ta, kowa na ture ƙafar ɗan'uwansa don ya matso wuta. Ni ne sarkin tambaya, don haka ni take fara ja wa kunne. "Maigidana, ka katse ni yau, aurenmu ya mutu, in nemi wani mijin," in ji ta, yara su yi ta yi mini dariya.

Tatsuniyoyinta ba su ƙirguwa, amma abin da ya zauna mini a rai ba tatsuniya ba ce. In za ta ba da shi takan gyara zama ta ce, "To ku kasa kunne. Wannan ba aljani a ciki, ba kura mai magana. Labarin uwata ne, Hassu."

A zamanin, in ji Iya, Kazaure ba ta wuce abin da ganuwa ta zagaye ba, ga duwatsu tsaye a kanta, ga tafkuna a gindinsu. Ba mota, ba keke. Kanwa da gishiri a kan raƙuma suke gangarowa ta Babura, hatsi a kan jakuna, sauran kaya a kan mutane. Garin kuwa cika yake kullum, domin annoba ta share shanun makiyaya, suna ta shigowa neman wurin zama. A cikinsu Hassu ta zo daga wajen Gwiwa. Mijinta ya rasu, ga Iya tana ƙarama a hannu, ga Buba ƙanen Hassu, ga takarkari ɗaya, wato sa na ɗaukar kaya, shi kaɗai ya rage daga garken ubansu.

Mai unguwa ya yanka mata fili a cikin ganuwa, amma da sharaɗi. Masu nema sun yi yawa, don haka duk wanda ruwan farko ya same shi bai rufe ɗaki ba, filin ya koma hannun wani.

Hassu ba ta taɓa kwana a ɗakin ƙasa ba, bukka ta sani. Sai ta tsaya tana kallon maƙwabta, ta koyi kwaɓa ƙasa da ciyawa, ta koyi yin tubali. Ita da Buba suka ɗaga bango har ya kai. Saura azara, itacen giginya da ake jerawa a sama kafin a zuba ƙasar rufi. Aka ce musu sai fadamar wajen Roni, tafiyar yini guda. Da suka isa, Hassu ta duba giginyoyi ta zaɓi masu kauri, waɗanda suka yi 'ya'ya jingim. Makiyayiya ce, a wurinta mace mai haihuwa ita ce dukiya, namiji kuwa na sayarwa ne. Suka sare, suka tsaga, takarkari ya yi ta jan su sawu bayan sawu har kwana tara. Suka jera, suka fara zuba ƙasa.

A nan ne wani tsohon magini, Baba Tanko, ya biyo ta wurin. Ya leƙa, ya kafa farcensa a jikin azara ɗaya, farcen ya shige.

Iya takan kwaikwayi muryarsa, ta shaƙe wuya. "'Yar nan, wa ya zaɓa miki waɗannan?"

"Ni ce, Baba. Duk mata ne, masu 'ya'ya."

"Ai shi ke nan, kin yi wa gara tuwo. Macen giginya cikinta ba ƙwari. Namijin ake nema, wanda ba ya 'ya'ya, baƙi, mai nauyi. Wannan rufin damina biyu ba zai yi ba, zai rufto miki a kan yarinya."

Buba ya ce a rufe haka nan, mai unguwa ai rufi zai gani, ba farce zai kafa ba. Gabas ta riga ta fara duhu da yamma, iska ta juya. Hassu ta daɗe tana kallon saman ɗakin. Sai ta ɗaura gyale a ƙugu, ta hau bango, ta fara zare azarar nan da hannunta tana jefowa ƙasa.

Suka koma Roni. Namijin giginya ya ninka macen nauyi, ga hanya duk tsakuwa, ga rani ya cinye ciyawa. Takarkarin ya rame har ana ƙirga haƙarƙarinsa. A sawun ƙarshe, daidai gindin duwatsu, ana hango ƙofar gari, ya durƙusa bai sake tashi ba. Buba ya yanka shi kafin ransa ya fita. Azara huɗun da suka rage su biyu suka shigo da su a ka, ɗaya bayan ɗaya.

Washegari Baba Tanko ya kira gayya. Mutanen unguwa suka hau aiki, naman takarkarin aka dafa musu. Aka jera, aka shimfiɗa zana, aka zuba ƙasa, aka kafa indararo. Kwana biyu tsakani ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya, filin ya zama nata. Hassu dai ko romon ba ta ɗanɗana ba.

Na kasa haƙuri na katse ta. "Iya, ta yi kuka?"

Ranar ba ta kashe aurenmu ba. Ta tona garwashi da tsinke ta ce, "Ta yi mana, maigidana. Tun daga gindin dutse take yi. Amma da azara a kanta take yin abinta."

Muna yara, dariyar macen giginya muke yi, mu ɗauka labarin na rashin sani ne. Sai da na yi furfura na fahimce shi. Na dasa gonar mangwaro, shekara huɗu ina ban ruwa, sannan masu sani suka ce irin ba shi da kyau, ba zai taɓa yin abin kirki ba. Daga titi gonar shar take, kowa na yaba mini, kuma ba wanda zai tilasta ni in taɓa ta. Sati biyu ina kewaya ta ina neman dalilin bari. A lokacin na gane cewa tafiyar Roni ba ita ce mai wuyar ba, hawa bangon nan ne, mutum ya rushe aikin hannunsa alhali ba wanda zai kama shi in ya bari. Da safe na wasa gatari, na fara da bishiyar da na fi so, ina sara ina share ido da hannun riga.