Na Jira Ya Nemi Gafarata Har Maganarsa Ta Ɗauke

Assalamu alaikum Edita. Ina roƙon a sakaya sunana.

Lokacin da aka kawo ni Doha ina amarya, ni mace ce mai son karatu da zurfin ciki. Na karanci Turanci a jami'a, na auri injiniya mai aiki a kamfanin gas, muka tare a Al Wukair. Yakan fita da sassafe, sai magariba ya dawo. Zafin garin ba ya barin mutum ya leƙa waje, sai in kunna esi in kwanta da waya a hannu. A haka na faɗa karatun littattafan soyayya na Turawa, masu labarin yammacin Amurka a zamanin da, lokacin keken doki da makiyayan shanu. Ba harbe-harben ne suka ja ni ba. Mutanen ciki masu riƙo da nasu addinin ne, suna addu'a kafin cin abinci, babu batsa, kuma kusan kowane labari da yafiya yake ƙarewa. Namiji zai ɓata wa mace rai ya hau doki ya tafi, a babin ƙarshe ya dawo ya tsaya a bakin ƙofa, ya faɗi laifinsa ɗaya bayan ɗaya yana hawaye, sannan ita kuma ta yafe. Na karanta irin wannan har na ɗauka haka ake neman gafara a ko'ina.

Mijina kuwa ba mai magana ba ne. Idan ya ji daɗin abinci ƙari yake yi, ba ya yabawa.

Da cikina na fari ya tsufa, jinina ya hau, likita ta hana ni tafiya, ta ce a guji tayar min da hankali. A daidai lokacin Ummana ta kwanta ciwo a gida. Yayana ya kira mijina, suka yanke shawarar ɓoye min. Duk sanda na kira, sai ƙanwata ta ce Umma tana barci, ko ta shiga maƙwabta, ko wayarta ta lalace. Ta rasu, aka binne ta, aka watse zaman makoki, ni ina nan ina tura mata hotunan kayan jarirai. Bayan na haihu, ranar suna mijina ya raɗa wa jaririyar sunan Umma, za a riƙa kiranta Ummi. Na ɗauki waya da murna na ce bari in faɗa mata ta yi takwara. Sai ya karɓe wayar daga hannuna, ya zaunar da ni, ya faɗa min. Ya ce ya zaɓi raina da na yarinyar ne, Allah Ya ji ƙan Umma. Iyakar abin da ya ce ke nan.

Ban yi kuka ba. Ji na yi kamar an kashe wani abu a cikina. Yayana ya kira yana kuka yana ba ni haƙuri, na yafe masa nan take. Shi kuwa mijina bai ce in yi haƙuri ba, ni ma na ƙudurta ba zan yafe ba sai ya buɗe baki ya roƙa. Ban yi yaji ba, ban ɗaga murya ba. Ina dafa masa abinci, ina goge masa kaya, ina amsa sallamarsa. Bayan wannan, daga "to" sai "a'a". Haka muka zauna har Ummi ta fara tafiya.

Yau in na tuna abubuwan da ya yi a wancan lokacin, sai in rasa inda idona yake. Kowace Juma'a yakan je kasuwar Abu Hamour ya yi ta zagaye neman yakuwa, don ya san ita nake so. Ya je Umara a madadin Umma, a bakin matar abokinsa na ji. Ya kai ni gida na ga 'yan'uwana. In yarinyar ta tashi da rigima, shi yake saɓa ta a kafaɗa ya fita da ita falo don in huta. Duk na gani. Amma tunda ba kalmomin da nake jira ba ne, ban ɗauke su a bakin komai ba. Sai in koma wayata in buɗe wani littafin, in karanta yadda mijin wata ya durƙusa.

Akwai wata dattijuwa 'yar Kumasi a gidan da ke kusa da namu, tana zaune wurin ɗanta, muna ce mata Mma. Ita kaɗai ta lura da halin da muke ciki. Wata rana tana yi wa Ummi wasa, ta ce min wani namijin bakinsa a hannunsa yake, in riƙa duba abin da hannun yake yi. Ta tuna min addininmu bai yarda mutum ya ƙaurace wa ɗan'uwansa ya wuce kwana uku ba, balle miji. Na ce mata ai ina amsa masa sallama. Ta dube ni ta ce Allah ba a yi masa wayo. A raina na ce ba ita aka hana ganin uwarta ba.

Wata ranar Talata da azahar abokin aikinsa ya kira ni, ya ce mijina ya yanke jiki ya faɗi a ofis. Shanyewar ɓarin jiki ce. A asibiti wani likita ɗan Kano ya ja ni gefe ya yi min bayani da Hausa, ya ce ciwon ya taɓa ɓangaren magana a ƙwaƙwalwa, zai rayu, amma ba su san iya abin da yake fahimta ba. Na shiga na zauna a gefen gadon. Na riƙe hannunsa mai lafiyar na ce, "Abban Ummi, na yafe maka. Ni ma ka yafe min." Ya daɗe yana kallona. Gefen bakinsa ya motsa, da ƙyar ya ce, "Khalas." A Larabcin nan garin ma'anarta shi ke nan, ya wuce. Na ɗauka amsata ce. Sai daga baya na gane ita kaɗai ce kalmar da ta rage masa. In yana son ruwa ita yake faɗa, in zai zaga ita, in Ummi ta hau cinyarsa ita. Har yau ban sani ba ko ya ji ni.

Aikinsa ya ƙare, zamanmu a ƙasar ma ya ƙare, muna haɗa kaya za mu koma gida. Ni nake masa wanka, ni nake ba shi abinci a baki, ina yi masa hira tun safe har yamma, duk hirar da na hana shi. Mutane suna yaba haƙurina. Ni dai ba na jin komai, aikin kawai nake yi.

Ban ɗora wa littattafan laifi ba, yafiya suka koyar. Abin da na manta shi ne marubuci ya san shafi nawa ya rage wa mutanensa, shi ya sa yake barin su su ja rai. Ni ban san nawa ya rage mana ba. 'Yan'uwana, in akwai wanda kuke riƙe da shi a zuciya kuna jira ya zo ya roƙe ku da irin kalmomin da kuka tsara masa, ku duba ko ya daɗe yana roƙon ta hanyar da ya iya. Ku yafe tun yana iya ji, tun yana iya amsa muku. Ina neman addu'arku gare shi.