Yaron Nan Naka

Ranar wata Asabar ce, a gajeren hutun tsakiyar zango, shekarar da nake aji biyar a Salaga. Na dawo daga rijiya da bokiti a ka, zanina ya jiƙe sharaf, sai na ci karo da Husaini, ɗan tagwaicina, yana fita sanye da rigar Sallarsa, har da man shafawa a goshi. Na tambaye shi ina za shi, ya ɗaga hanci ya ce Baba Seidu ne ya aiko a kira shi wajen Mma Adisa mai wake da shinkafa.

Baba Seidu aminin mahaifinmu ne, ɗan kasuwar tumaki daga Bawku, ya sauka gidanmu kwana biyu. Mu kuwa gidanmu tsohon gidan Hausawa ne, kuma Kaka, Hajiyar gidan, ta kafa doka cewa ɗan gidan mutunci ba ya cin abinci a titi. Kullum in za mu makaranta sai mun wuce rumfar Mma Adisa, mu ga tukunyarta ta yi ja da karan dafi, ga wagashi, wato cukun nono, soyayye, ga kifin garin Makango, ga baƙin yaji yana ƙyalli, tana zuba wa mutane a ganye. Ni dai haɗiyar yawu ce rabona. Baƙo ne kaɗai Kaka take jin nauyinsa har ta sassauta.

Abin da ya fi ƙona mini rai, ni ce na zo ta ɗaya a gwaji, kuma a gaban Baba Seidu aka faɗa. Husaini kuwa sai an leƙa can ƙasa ake ganin sunansa. Na ajiye bokitin na bi bayansa, na laɓe jikin wata mangwaro. Ga shi a benci yana karkaɗa ƙafa, ganye cike a cinyarsa, lemon kwalba a gefe. Baba Seidu yana ta waige-waige, ni kuma na ƙara maƙewa don kar ya gan ni. Kishi ya cika ni har wuya. Da Husaini ya dawo yana gyatsa da gangan, na juya masa baya, tuwon dare ma ƙin ci na yi.

Washegari muka raka Baba Seidu tasha. Har ya sa ƙafa a mota, sai ya hango ni ya ce, "Kai, Hassana, me ya sa jiya ba ka zo ba? Na ce Hajiya ya turo ka, sai ga wani."

Nan Kaka ta kama baki. Ashe ta bayan zaure ya ce mata, "Yaron nan naka ya same ni wajen Adisa." Hausar Bawku ba ruwanta da mace ko namiji, Kaka kuwa da ta ji "yaro" ba ta ƙara tambaya ba. Ya yi dariya ya ce in ya dawo zai kai ni. Bai sake zuwa Salaga ba, damina ba ta ƙare ba aka kawo mana labarin rasuwarsa.

Yanzu ba mai hana ni cin abin da nake so, kuma 'ya'yana ma "ya zo" suke ce wa kowa, ban cika gyara musu ba. Husaini ya rantse ya manta ɗanɗanon abincin nan. Ni da ban ci ba, har yau ina jin haushinsa.