Kujerar Baba a Teburin Birij

A gidanmu na Kafanchan, Lahadi ba ta cika sai an dawo daga sujada an buga birij a baranda. Wasan karta ne na mutum huɗu, biyu da biyu, wanda Baba ya koya zamanin yana aikin jirgin ƙasa. Mama ce abokiyar wasansa. Abokan karawarsu kuwa wani tsohon malamin makaranta ne daga Kagoro, da wani Alhaji Bafillace mai maganin dabbobi.

Kafin a ajiye karta, kowa yana yin kira a takaice don ya sanar da abokinsa abin da ya riƙe cikin nau'in karta huɗu: kulob, daiman, hat da sifed. Malam da Alhaji suna da wani kira mai ban haushi. In ɗayansu ya ce "kulob ɗaya", ba kulob yake nufi ba, cewa yake hannunsa ya cika da manyan karta. Baba ya tsani a yi musu shiru a nan, ba a katse su da wani kiran ba. A ganinsa, in ka bar mai ƙarfi ya yi hira da abokinsa a natse, ka gama yawo.

Bayan rasuwar Mama, kan Baba ya fara rikicewa. Sai ya riƙe karta ya ƙura mata ido har shayinsa ya huce. Ni na gaji gurbin Mama, alhali iyawata ba ta taka kara ta karya ba. Wata Asabar Malam ya tare ni a kasuwa ya ce, "'Yata, wasan yana wahal da shi. Gobe za mu zo na ƙarshe." Na ji haushinsa ƙwarai. Waɗannan biyun ne kaɗai suka rage masu zuwa wurin Baba.

Washegari, Baba bai ce komai ba sai "fas", wato ba shi da kira, hannu bayan hannu. Can Malam ya ce, "Kulob ɗaya." Baba ya ɗago kai, ya ce da ƙarfi, "Daiman biyu."

Dokar wasan ita ce abokin hamayya yana da ikon tambayar ma'anar kiran abokinka, kuma dole ka faɗi gaskiya. Alhaji ya juyo gare ni. "Me yake nufi?"

Ban sani ba. Ban taɓa jin Baba ya yi wannan kiran da ni ba. Na tabbata shirme ne irin na ciwo, kuma yanzu za a gani a fili.

Malam ne ya amsa, a hankali. "Ba daiman ba ne. Hat da sifed yake da su, ki zaɓi ɗaya. Kiran nasu ne, shi da Mamanki. Shekaru muna shan wuyan wannan abu."

Na zaɓi sifed. Da aka buga, haka hannun Baba yake, ba kuskure. Mun faɗi, amma mun hana su kai kira inda ƙarfinsu ya isa.

Malam ya tattara karta ya daɗe yana jujjuya su. Ya ce, "Lahadi ki shirya da wuri, zan koya miki sauran."

Baba ya dube ni yana murmushi. "Maman yara, yau kin so ki manta."

Na ce, "Ka yi haƙuri, ba zan ƙara ba."