Yaya Lami ba ta cikin hoton

Da safen nan labari ya iske ni, ina neman makullin mota zan tafi aiki: Yaya Lami ta rasu.

Jiya da yamma ta yanke jiki ta faɗi a tsakar gida a Zonkwa, tana kwashe shanyar Mama, surukarmu. Kafin a samo mota, rai ya yi halinsa.

Ga waɗanda ba su san ta ba, facalata ce, matar marigayi Yaya Bulus, babban wan mijina Dauda. Da mijinta ya rasu ba ta koma gidan iyayenta ba. Ta zauna ta riƙe 'ya'yanta, ta riƙe Mama, ta riƙe murhun gidan gaba ɗaya.

Ban gama share hawaye ba wayata ta sake ƙara. Anti Rifkatu ce daga Abuja, yayar Dauda. Gawa ba ta gama sanyi ba, ita har ta naɗa kanta shugabar kwamitin jana'iza.

"Dakta, sai haƙuri. Ginshiƙin gidanmu ya faɗi," in ji ta. "Ki turo min hoton nan na Kirsimetin Doha, wanda duk muke cikin anko. Shi za a sa a bangon takardar jana'iza."

Na ce, "Anti, ba ta ciki."

"Wa?"

"Wadda za a binne."

"Haba Dakta, ki duba da kyau. Ai duk muna nan."

"Duk kuna nan. Ita ce ba ta nan."

Ta ce, "To, ba matsala. Akwai masu hoto a nan da suka iya kwamfuta. Sai su ɗauko kanta daga katin zaɓe su ɗora a jikin ƙanwarmu Asabe, tunda ƙirarsu ɗaya."

Na kashe wayar. Ban saba rubuta zancen gida a shafin nan ba, amma yau zan yi.

Bara waccan Dauda ya sami ƙarin girma a wurin aiki, aka ba mu gida a unguwar Aziziya a nan Doha, sai ya ga ya dace dangi su zo su yi Kirsimeti da mu. Na ɗauka Mama ce da mutum biyu ko uku. Ashe a gidan su Dauda kalmar dangi ba ta da ƙofa. Yayye, ƙanne, matansu, 'ya'yansu, da Kawu Ishaya, tsohon darakta wanda har yanzu bai sami labarin ya yi ritaya ba. Katifu har a ƙarƙashin matakala.

Da farko babu Yaya Lami a tafiyar. Mama ce ta tambaya, "To, wa zai yi girki?" Tambayar nan ce ta samo mata biza.

Ita kaɗai ce ba ta ce min Dakta. Sauran in sun faɗa, akwai ɗan gishirin da suke barbaɗawa a kai. Ita Amarya take ce min, ko da yake aurena ya tsufa. Ranar da suka sauka ta shigo kicin, ta ga yadda nake kallon taron nan, ta ce, "Amarya, je ki zauna da littattafanki. In sun tambaya, zan ce ke kika haɗa miyar."

Kuma haka ta riƙa cewa. Har yau akwai masu yabon miyar taushena a Zonkwa.

An kai su kasuwar Suƙ Waƙif ya fi a ƙirga, an sayo turare, an sayo mayafai, an ɗauki hoto da masu dakon amalanke. Yaya Lami ba ta je ba ko sau ɗaya. Kullum wuri ɗaya ne yake kasawa a mota, kuma kullum nata ne.

Anko ma haka. Anti Rifkatu ta zo da atamfa ɗaya an ɗinka wa kowa, har jaririn da bai iya zama ba. Da na tambayi na Yaya Lami, aka ce yadi bai kai ba, kuma ai tana kicin, manja zai ɓata shi.

Ranar Kirsimeti a nan ranar aiki ce, gari bai san ana yi ba. Muka tafi sujada a wani zaure da ake haya, aka bar ta da tukwane. Da muka dawo aka jeru a ƙofar gida, aka miƙo min kyamara. Na ce a jira Yaya Lami. Kawu Ishaya ya ce, "Haske zai tafi. Ɗauka kawai." Hoton ke nan da ake nema yau. Biyu daga cikin matan gidan da ba a haifa a cikinsa ba, ɗaya tana bayan kyamara, ɗaya tana bayan tukunya.

Da aka zauna cin abinci, sai ga ta ta fito da kuloli a jere, ta cika su da shinkafa da miya da naman rago. Tun ana saura kwana biyu ta tambaye ni wane malami za a kira ya yi yanka, don maƙwabta su iya ci. Na ce mata a nan duk naman kasuwa Musulmi ne ya yanka. Ta ce, "To, aiki ya yi sauƙi, babu mai uzuri."

Kawu ya ajiye cokali. "Lami, ina za ki da wannan?"

"Maƙwabta, Kawu."

"Nan ba Zonkwa ba ne. Ƙasar Larabawa ce. So kike ki ja wa Dauda magana a wurin kafil ɗinsa, wanda ya tsaya masa a ƙasar nan?"

Anti Rifkatu ta ƙara da cewa, "Mutanen da ke da rijiyar mai, su za ki kai wa shinkafa a kula? Kar ki kunyata mu, don Allah."

Yaya Lami ba ta ɗaga murya ba, ban taɓa jin ta ɗaga ba. Ta ce, "Tunda nake ban taɓa cin shinkafar Kirsimeti maƙwabci bai ci ba. Ba za ta wuce min maƙoshi ba. Amarya, zo ki yi min tafinta."

Na bi ta, kyamara tana rataye a wuyana.

Katanga ɗaya ce tsakaninmu da wata dattijuwa 'yar ƙasa, Ummu Halid. Tunda muka tare, gaisuwarmu ba ta wuce ɗaga hannu ta gilashin mota ba. Yaya Lami ta buga ƙofar nan kamar gidan ƙanwar uwarta. Da tsohuwar ta fito, ta rusuna ta ce, "Ina wuni, Hajiya? Ya gida? Ya sanyi?" Ummu Halid ta amsa da Larabci mai tsawo. Yaya Lami ta ce, "Lafiya lau, mun gode Allah." Babu wadda ta waiwayo ni. Tafintar da aka ɗauko da digiri uku ta tsaya riƙe da murfin kula.

A nan na ɗauki hoton da kuke gani a sama. Tsohuwar atamfa, ɗigon manja a gaban riga, kula a hannu, tana dariya har ana ganin wushiryarta.

Kula ta biyu ta kai wa Malam Sani, mutumin Katsina da ke gadi a bakin layinmu. Ya buɗe, ƙamshin daddawa ya buge shi. Sannan ya goge ido ya ce, "Mama, yajinki da ƙarfi yake." Bai ko ɗanɗana ba tukuna.

Washegari kular Ummu Halid ta dawo cike da shinkafar Larabawa da nama, ga dabino a gefe. Kawu Ishaya ya ci, ya nemi ƙari, sannan ya miƙe ya yi mana jawabi a kan kyakkyawar maƙwabtaka da gidansu ya yi suna da ita tun kaka da kakanni. Aka tafa masa. Yaya Lami tana wanke kwanuka, ba ta ji jawabin ba.

Ganina da ita na ƙarshe a filin jirgi ne. Akwatinta cike yake da turaren mutane, don nasu sun wuce kilo, nata kayan kuwa a leda suke. Na ce mata raina ya ɓaci da abin da na gani a kwanakin nan. Ta yi dariya ta ce, "Amarya, kin cika lura. Ni na ga teku ta tagar jirgi, ya ishe ni. Abu ɗaya nake roƙonki: kar ki bar kular nan ta kwana wayam a gidanki. Da zarar ta tsaya, zumunci ya tsaya."

Ba ta tsaya ba. Da azumi tana zuwa daga can, da Ista da Kirsimeti tana tafiya daga nan. Lokacin da na kwanta asibiti Dauda yana teku wurin aiki, Ummu Halid ce ta zauna a kaina.

Ɗazu na shiga na faɗa mata. Ta ce, "Mai kula?" Na ce ita. Ta rufe fuska da mayafi. Kafin azahar sai ga kular a ƙofarmu, cike, da saƙon cewa gidan makoki ba ya hura wuta. Malam Sani ma ya zo, ya tsaya a bakin ƙofa ya yi wa Dauda ta'aziyya kamar uwarsa ce ta rasu.

To, Anti Rifkatu, na san kina karantawa, kuma na san za a kira Dauda a ce ya ja wa matarsa kunne. A ajiye kuɗin waya, yana zaune kusa da ni, shi ya nemo min hoton.

Wannan hoton shi kaɗai zan turo. In kun ga dama ku sa shi da manjansa, in ba ku ga dama ba ku bar bangon fari. Amma kan Yaya Lami ba zai hau wuyan kowa ba. Ankon da yadinsa bai kai gare ta tana raye ba, ba za a sa mata shi da kwamfuta ba.

Ubangiji ya karɓe ki, Yaya Lami. Ya zaunar da ke a kan tebur, a zuba miki da zafinsa. Ya riƙe 'ya'yanki Bitrus da Hannatu da kika bari, ya riƙe Mama, wadda ita kam ta san abin da ta rasa.

Ku da kuka karanta, Kirista da Musulmi, ku taya mu da addu'a, kowa yadda ya iya, ku sa 'ya'yanta a ciki. In kuma akwai wata Lami a kicin ɗinku, ranar da za a ɗauki hoto, ku jira ta. Haske ba zai tafi ko'ina ba.