Asuwakin da Iya Ke Sokewa a Danga

A gidanmu na Rawayau babu yaron da ke kwanciya bai nuna wa Iya bakinsa ba. Iya ita ce mahaifiyar babanmu, doguwar tsohuwa mai jinin Fulani, ba ta da yawan dariya. Da kaka, in an gama tuwo bayan magariba, sai ta jawo ragowar garwashin murhu tsakar gida, ta zuba gyaɗa a ciki, mu kuwa mu kewaye ta. Kafin ta ce uffan sai ta raba mana asuwakin darbejiya da ta yanko da hantsi. Ɗacinsa har ƙwaƙwalwa, amma wanda bai tauna ba ba zai ji tatsuniya ba. Kullum akwai guda ɗaya da ke raguwa, sai ta tashi ta soke shi a jikin danga bayan ɗakinta. Mun ɗauka ƙidaya ce ba ta iya ba.

Kowa tana kiran sunansa, ban da ni. Sunana Ramatu, amma ita Maisuna take ce mini, ni kuma ina jin haushi.

Tana da tatsuniyoyin gizo da na kura masu sa mu birgima don dariya. Amma akwai guda ɗaya wadda in za ta fara sai muryarta ta yi ƙasa, ta ce, "Ku matso, wadda ba ku so ta zo."

Wai an yi wata yarinya mai haƙora farare kamar sabon nono. Duk ranar kasuwar Kurfi in ta kai tallan nono, sai ta sayo mazarƙwaila ta ɓoye. In za ta kwanta ta gutsura ta ajiye a kunci, ta yi barci tana tsotsa, ba asuwaki, ba kurkure baki. Ashe akwai waɗansu mutane ƙanana, ba su kai ƙwayar gero ba, sana'arsu haƙar rijiya, kuma ƙanshin zaƙi suke bi. Suka shiga bakinta da 'yan dagunansu, suka zaɓi haƙorin tauna na can ciki, suka kama aiki. Tun ba ta ji har ta fara jin sara. Ta koma tauna da gefe ɗaya, ta daina shan ruwan randa mai sanyi, amma ba ta gaya wa kowa ba, don a gidansu kuka da ciwo abin kunya ne.

Ƙanena Sule ya taɓa tambaya, "Iya, uwarta ba ta gani ba?"

Iya ta daɗe tana juya gyaɗa. Ta ce, "Ta gani, ɗan nan. Ta gani ta kau da kai."

Masu haƙa suka kai ga ruwa. Kuncin yarinya ya kumbura, kumburi ya sauko wuya, baki ya ƙi buɗuwa. Da aka kira wanzami ya duba, sai ya mayar da kayansa cikin zabira. Bayan ta rasu an kai ta makwancinta, wai kullum da asuba uwar na jin ƙarar asuwaki a bayan ɗaki, ƙurus-ƙurus, wani na goge haƙori a hankali. In ta leƙa, ba kowa.

Mukan tambaya, "Mene ne sunan yarinyar?"

"Ba ta da suna."

Ba ta rufe wannan tatsuniyar yadda ake rufewa. Sai dai ta ɗaga itace mai wuta ta ce, "To, ku buɗe in gani." Ta bi mu ɗaya bayan ɗaya, ta duba dasashi ko yana jini, ta danna haƙori da farce. Wanda ya sha rake ko alewa sai ya kurkure, ya goge da gawayi da gishiri. Ni dai nakan kwanta ina lasar haƙorana, ina sauraron bayan ɗaki, tsoro ya cika ni.

Wata shekara na fara jin tsami a haƙorin tauna, na yi shiru don kada a hana ni alewa. Iya ta ga ina tauna gyaɗa da gefe ɗaya. Ƙoƙon da ke hannunta ya faɗi. Ta sa na kurkure da ruwan ɗumi da gishiri, gari na wayewa ta ce a ɗaura wa jaki akumari, asibitin Dutsin-Ma za a kai ni. Babanmu ya ce, "Iya, don haƙori ɗaya? A bari a yi mata hayaƙi mana."

Ta ce, "Ba a bari. Yau za mu tahi, ko da ƙafa ne."

Ita ta bi jakin a ƙasa, hannunta a bayana har muka isa. Aka cire haƙorin. A hanyar dawowa na ji tana kuka, ban san dalili ba, tun da ni na daina jin ciwo.

Sai ranar da Iya ta rasu, ina da aure har da goyo, Goggo Hanne, ƙanwar babanmu, ta same ni tsaye a bayan ɗakin ina kallon busassun asuwakai jere a danga. Ta ce, "Ke ba a taɓa gaya miki ba? Na yayarmu ne, ɗiyarta ta fari. Kin san ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a nuna an damu da shi gaban mutane. Tana ganin ɗiyar na riƙe kunci, kunya ta hana ta ce buɗe in gani. Sunanta babanku ya sa miki."

Yanzu na kai shekarun Iya, haƙorana na nan, ban da wancan guda. Na daɗe da sanin babu mutane masu dagi, zaƙin da ya kwana a baki ne ke cin haƙori, shiru kuma ya ƙarasa aikin. Ɗana na fari, tun yana ƙarami nake kiran sunansa da ƙarfi, in duba bakinsa gaban kowa, mata na ta yi mini tsiya wai ba ni da kunya. Har yau in na ji ƙarar asuwaki da asuba gabana na faɗuwa. In na raba wa jikokina kuwa, nakan yanko ɗaya ya ragu, in soke shi a danga, in ce, "Ramatu, ga naki."