Kujerar ƙanwata da na soke a tafiyar Kumasi

Edita, bayan sallama. Abin da zan ba da labarinsa ya kwana biyu da faruwa, kuma na yi ta juya shi a raina har na daina bambance abin da na gani da idona da abin da aka gaya mini daga baya. Inda nake shakka zan faɗa. A lokacin ban daɗe da gama bautar ƙasa ba, ina koyarwa a wata makarantar kuɗi, ina zaune a gidanmu na gado a cikin birnin Kano, tsakanin Shahuci da Kurmi. Mahaifinmu ya rasu. Ni ne ɗan fari, kuma ni kaɗai na yi jami'a a gidan, saboda haka duk abin da ya shafi takarda ko asibiti ko waya wurina ake kawo shi. Ni mutum ne mai fargaba, irin wanda yake kulle ɗaki ya kai bakin lungu ya dawo ya sake taɓa kwaɗon. 'Yan gidanmu suna yi mini dariya a kan haka, amma sun yarda cewa abin da na tsara ba ya ɓaci. Ni ma na yarda.

Wanda ya tashi a cikin birni ya san yadda uwa take da ɗan farinta. Mahaifiyarmu, wadda muke kira Inna, ba ta taɓa kiran sunana ba. A hannun kakata na girma, sai bayan rasuwarta na dawo gida. In Inna tana son wani abu daga gare ni, ƙanwata take gaya wa, ko da ina tsaye a tsakar gidan, ta ce a ce wa wancan fitilar zaure ta mutu. Ba ta cin abinci a gabana. In na gaishe ta da safe, tana amsawa ne fuskarta na kallon murhu. Ba ƙiyayya ba ce, kowa ya sani. In an yanka kaza, cinya ɗakina take zuwa. Na saba da abin har na daina ganinsa, kuma ina jin daga nan kuskurena ya fara.

Inna tana da yaya mace guda ɗaya, wadda ta auri wani mai fataucin goro suka zauna a zangon Kumasi tun kafin a haife ni. Sun daɗe ƙwarai ba su ga juna ba sai ta waya. Wata rana 'ya'yanta suka kira suka ce jikinta ya yi tsanani, kuma ba ta da magana sai ta ƙanwarta. Inna ta ce wa ƙanwata a gaya mini tana son zuwa, ko da a ƙafa ne.

Na zauna na yi bincike kamar mai shirin jarrabawa. Jirgi ya fi ƙarfinmu, wannan ba a daɗe ana magana a kansa ba. Sai mota: daga Kano zuwa Legas, daga Legas a bi ta Kwatano da Lome a shiga Gana. Na karanta shawarwarin masu tafiya da iyali a araha, kuma gaskiya da yawansu masu amfani ne. Na kauce wa lokacin bukukuwa da kuɗin mota yake tashi. Na canji kuɗin ƙasashen tun daga Kano don kada 'yan canjin bakin iyaka su yanke mu. Na sa aka yi mana guzurin dambun nama da kilishi da cincin don kada mu sayi abinci a hanya. Na kai Inna aka yi mata allurar shawara aka ba ta kati. Na nemi wani abokina da muka yi bautar ƙasa tare, ya ce mu sauka a wurinsa a Legas, ba sai mun kama otal ba. Duk da haka kuɗin bai kai na mutum uku ba. Inna tana da fasfo tun zuwanta Hajji, ni ma ina da shi, ƙanwata ce ba ta da shi. Na haɗa kuɗin fasfonta da na kujerarta zuwa da dawowa, na ga in an cire ta komai ya zauna daidai. Sai na cire ta.

Da na gaya mata, dariya ta fara yi. Ta ce to ɗan boko, in Inna ta ji ƙishirwa a hanya, wa za ta ce ya gaya wa wancan, direba ko kwandasta? Na ce zamani ya canja, kuma a hanya dole take sa mutum magana. Ta daina dariyar, ta ce in sake tunani, ko a sayar da keken ɗinkinta a cika. Na ce ba za a sayar da abin neman abincinta saboda tafiyar mako biyu ba. A raina ina ganin adalci na yi mata. Aka kai wa Inna maganar, ta aiko da cewa duk yadda wancan ya tsara daidai ne. Yanzu ina zargin ba ta da wata amsar da za ta iya bayarwa, amma a lokacin na ɗauke ta a matsayin amincewa.

Inna tana da hawan jini, kuma maganin da likita ya ɗora ta a kai yana sa yawan fitsari. Na san wannan, domin ni na karanta takardar da ke cikin kwalin. Abin da na yi da sanin shi ne na riƙe maganin a jakata don kada ya ɓata, na sa wayata ta riƙa tuna mini kowace safiya. In lokaci ya yi sai in miƙa mata ƙwayar da robar ruwa, ta karɓa da hannu biyu, ta juya wajen taga ta ja mayafi. Ni kuma in kau da kai, kamar yadda na saba yi a gida in za ta kai wani abu baki.

Motar Legas ba ta ba mu wahala sosai ba, in ban manta ba. Akwai matan Hausawa a ciki, in an tsaya salla tana bin su su zaga. A Legas ne abin ya fara canjawa. Ɗakin abokina ɗaya ne a wani gidan haya na gwauraye, banɗakin yana can ƙarshen tsakar gida, kuma maza suna zaune a kan benci a hanyar wurin tun safe har dare. Abokina ya bar wa Inna ɗakin, mu muka kwana a baranda. Na yi niyyar kwana ɗaya, amma motar da na zaɓa, wadda ta fi sauran sauƙi, ba ta tashi sai ta cika, sai muka ƙara kwanaki. A kwanakin nan ban tuna na ga Inna ta ratsa tsakar gidan da rana ba. Na lura robobin ruwan da nake ajiye mata a bakin ƙofa ba sa raguwa sosai, na ce a raina ruwan Legas ne bai yi mata daɗi ba. Da na tambaya daga bakin labule ko akwai abin da take so, ta ce babu, Allah ya yi albarka.

A motar Gana babu mai jin Hausa kusa da mu sai wata 'yar kasuwa, Bahaushiyar Gana, a kujerar bayanmu. Direban ba ya tsayawa sai wani ya ɗaga murya da Turanci ko Faransanci. A bakin iyaka kuma banɗaki na kuɗi ne, kuɗin ƙasar, kuma duk kuɗin da fasfo suna jikina. Saboda tsoron kada ta ɓace a cikin cunkoso, na roƙi Inna kada ta matsa ko'ina sai da ni. Ban ga abin da na ɗaure ta da shi ba. Duk buƙatar da za ta taso mata, sai ta buɗe baki ta gaya wa ɗan farinta. 'Yar kasuwar nan ta yi ta kallonmu, can ta taɓo ni ta ce, Malam, surukarka ce? Ta ce tun daga Legas ba ta ji mun haɗa magana uku ba, ko kuɗin sadaki ne ban gama biya ba. Na ce mahaifiyata ce, ni ne na fari. Ta ce ayya, irin na Kano, ta miƙa wa Inna lemo. Inna ta yi murmushi ta karɓa, ta riƙe shi a cinya.

A iyakar Togo da Gana aka sauke mu duka, muka shiga layi da tsakar rana. Ina gaba da takardunmu, Inna tana bayana. Ban ga faɗuwarta ba. Na ji mata sun yi salati, na juya na gan ta a ƙasa, bakinta ya karkace, hannunta na dama ya saki. 'Yar kasuwar ce ta tallafe kanta, ta sassauta mata ɗaurin zani don ta sha iska. A gefen zanin ta ji wani ƙulli, ta kwance. Ƙwayoyin maganin ne, waɗanda na yi ta miƙa mata tun daga Kano. Ban ƙirga ba, amma ban ga alamar an sha ko ɗaya ba. Matar ta zuba su a tafin hannuna ta ce in nuna wa likita.

A asibitin garin da ke bakin iyakar aka ce shanyewar ɓarin jiki ce, jininta ya hau ƙwarai, kuma jikinta ya bushe da rashin ruwa. Likitan ya ce ba zai iya rantsuwa cewa barin maganin ne kaɗai ya jawo ba, mai hawan jini yana iya faɗuwa ko yana shan magani. Na riƙe wannan maganar na tsawon lokaci, amma ba ta taɓa ba ni barci ba. Motarmu ta wuce da 'yar kasuwar, ban ko tambayi sunanta ba. Kafin ɗiyar yayar Inna ta iso daga Kumasi, ni ne mai jinya, domin ma'aikatan ba su da yawa kuma akwai abin da dangi ne suke yi. Ni na ɗaga ta, ni na sa mata tasar bayan gida, ni na canja mata zani. Abin da ta bar magani da ruwa don kada ya faru, ya faru a hannuna, tana ji tana gani. Ta rufe ido ta juya fuskarta bango, hawaye yana bin gefen da ya shanye. Ban san kalmar da zan ce mata ba, sai na yi ta cewa sannu.

Ba mu kai Kumasi ba. Likita ya hana a ɗora ta a doguwar hanya, yayarta kuma ba ta iya tashi daga gado. An haɗa su ta waya suna ganin juna, yayar tana kiran sunanta na yarinta, Inna tana motsa baki magana ba ta fita. Da ta ɗan samu sauƙi, jirgin da na ce ya fi ƙarfinmu shi muka hau zuwa gida, bayan dangi sun sayar da rumfar mahaifinmu ta kasuwar Kurmi. Ba a daɗe ba yayar ta rasu. Inna tana nan da rai, tana jan ƙafa, maganarta sai wanda ya saba yake ganewa. Ƙanwata ce take jinyarta, ta ajiye ɗinkin. Ba ta taɓa tuna mini abin da ta faɗa kafin mu tafi ba, kuma da ta tuna mini wataƙila da na fi samun sauƙi.

Ba na cewa neman araha laifi ne, talaka ba shi da wata hanyar ganin danginsa na nesa. Ba na kuma cewa kunyar iyayenmu abar zargi ce, ban isa ba. Abin da zan iya cewa, da iyakar abin da na gani, shi ne in za ku yi tafiya da tsoho, ku rage komai amma kada ku rage mutumin da yake iya gaya wa buƙatarsa. In kuɗin bai kai na uku ba, mai yiwuwa wanda ya tsara tafiyar ne ya kamata ya zauna a gida. Ku tambayi likita yadda maganin zai kasance a doguwar mota. Ku duba masauki da idon tsohuwar, ku ga ina banɗaki yake da kuma wa ke zaune a hanyarsa. Ku sa mata 'yan kuɗin ƙasar a hannunta. Kuma in ta ce babu komai, ku sa wadda take sakewa da ita ta sake tambaya.

Saura abu ɗaya, shi ya sa na rubuto. Akwai wata tsayawa da muka yi a cikin Lome, kafin iyakar. Wani lokaci ina tuna kamar Inna ta taɓa hannun rigata a wurin, ni kuma ina lissafin canji a waya na ce mata ina zuwa. Wani lokaci kuma ina ganin ni na ƙirƙiro wannan daga baya. Ba zan iya tambayarta ba. In 'yar kasuwar nan tana karanta wannan mujalla, ko wani da ya shiga motar tare da mu ya ga tsohuwar da ta faɗi a layi, ina roƙo ya rubuto ta hannun edita ya gyara mini duk inda na kauce. Musamman wannan wurin. In ta taɓa ni ban juya ba, a gaya mini haka, kada a sassauta.