Gidan Toka

Daga tagar wurin aikina nake hango shi: dattijo ne siriri, rigarsa ta koɗe a kafaɗu. A filin da yake tsaye babu ko bulo ɗaya, sai layukan toka da magini ya zuba, nan falo, can kicin.

Magini tsallake layukan yake yi abinsa. Shi kuwa dattijon ba ya taka bango. Sai ya zagaya ya bi ta inda aka bar ƙofa. A ɗakin gabas yakan daɗe, yana kallon bishiyar mangwaro ta tagar da ba a yi ba tukuna.

Yau ga shi ya miƙa hannaye kamar mai tura wani abu, yana tafe a hankali. A bakin ɗakin ya tsaya cak.

"Ƙara faɗin ƙofar nan."

"Haba Baba, mota za ta shiga?" in ji magini yana dariya.

"Keken da nake tura uwar yarana a kai ne. Ta gaji da kallon bango."

Ban san ta ba. Amma da aka share tokar aka faɗaɗa ƙofar, na ga kamar ya tura matar ciki, har gaban tagar.